Ciyawar Fadama Ta Zama Kayan Ado A Abuja

Duk manomin fadama da ya taɓa shan wahalar aya-aya a gonarsa, in ya sauka Abuja ya bi ta gaban masu sayar da furanni a bakin titi, akwai abin da zai sa ya tsaya ya riƙe baki. A cikin jerin baƙaƙen ledoji da tukwanen da aka ajiye a inuwa zai ga wata doguwar ciyawa, koriya shar, karanta miƙe ba ganye ko ɗaya, sai can a bisa kai ganyaye sun baje kewaye kamar ƙarafan laima. In ya sa yatsa ya murza karan zai ji alamar kusurwa uku, irin ta abokiyar gabarsa ta gida. Ashe 'yar uwar ciyawar nan da ta gasa masa aya a hannu ce ake sayarwa da kuɗi, har manyan mutane na tsayawa da mota suna ciniki.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kurmi, domin da yawa daga cikinsu sun bar noman fadama ne suka zo Ikko da Badun da Fatakwal suna gadi ko aikin lambu a gidajen mutane. Ilmin da wannan ciyawa ke bukata, watau sanin halin ƙasa mai danshi, da shi suka taso tun suna yara, sai dai ba kowa ya san ana iya cin abinci da shi a birni ba.

DANGIN AYA DA KAJIJI

Masana tsirrai na kiran wannan ciyawa Cyperus alternifolius, sunanta na Turanci kuwa laima yake nufi, saboda siffar kanta. In aka kira ta ciyawar laima da Hausa, sunan ya dace ta fuska biyu, tun da yake ga kamannin laima a kanta, ga kuma ƙasa mai laima da take so a gindinta. Asalinta daga tsibirin Madagaska ne da gabashin Afirka, amma yanzu ta bazu ƙasashen duniya masu zafi. Tsawonta yakan kai ƙafa 2 zuwa 5, kuma muddin gindinta bai bushe ba, ba ta kaɗe ganye rani da damina.

Ko da yake ana ce mata ciyawa, ba dangin gamba ko ƙyasuwa ba ce. Karan irin waɗancan ciyayi mulmulalle ne, yana da gaɓa-gaɓa kamar na dawa. Dangin laima kuwa yawancinsu karansu mai kusurwa uku ne, ba gaɓa, kuma cike yake ciki. Wannan dangi babba ne, an ƙidaya irinsa fiye da 5,000 a duniya, kuma Bahaushe ya san huɗu ko biyar daga cikinsu sarai.

Ta farko ita ce aya, wadda ake ci ɗanya ko soyayya, ake kuma yin kunun aya da ita. Jihar Maraɗi ta Nijar ta yi suna wajen nomanta, mutanen Balansiya ta ƙasar Sifen su ma suna yin abin sha da ita, an kuma tarar da ita a kaburburan mutanen Masar na dā. Na biyu shi ne kajiji, wanda mata ke haɗa turare da saiwarsa mai ƙamshi. Shi ya saɓa wa 'yan uwansa, domin karansa mulmulalle ne. Ta uku ita ce aya-aya, wadda wasu ke kira jiji. A 1977 wasu masanan Amurka ƙarƙashin LeRoy Holm suka jera miyagun ciyayin duniya, sai ga aya-aya a kan gaba, saboda tana damun manoma a ƙasashe fiye da 90.

Akwai kuma babbar yayarsu da ke fitowa a Tafkin Cadi da Kogin Nilu, wadda mutanen Masar na dā suka riƙa yin takarda da ɓargonta, Buduma kuma suke ɗaure jiragen ruwa da karanta. A 1969 wani Bature ɗan ƙasar Norwe, Thor Heyerdahl, ya kai magina jirgi daga Tafkin Cadi zuwa Masar suka ɗaure masa jirgin wannan ciyawa, ya shiga Tekun Atilantika da shi daga Maroko, ya yi kusan wata biyu a ruwa kafin jirgin ya gaza. Ita ma ana dasa ta don ado, sai dai tsawonta yakan wuce ƙafa 10, don haka ta fi ƙarfin ƙaramin tsakar gida. Ciyawar laima ce daidai da gidan kowa.

ABIN DA YA SA TA KARƁU A ABUJA

Ran 3 ga Fabrairu 1976 marigayi Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar za a ƙaura da babban birnin ƙasa daga Ikko, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Wurin da aka zaɓa ƙasar Gwari ce mai duwatsu da kwaruruka, rafuka na gangarowa daga gindin Dutsen Aso da sauran tsaunuka suna zuba a kogunan Usuma da Wupa. Taswirar birnin da aka kammala a 1979 ta ware kwaruruka da bakin rafuka a kan a bar su fili, da itatuwa da ciyayi, don ruwa ya sami hanya, jama'a kuma su sami wurin shan iska. Ran 12 ga Disamba 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, gwamnati ta tare. Babban lambun shaƙatawa na Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe a Disamban 2003, rafi ne ya ratsa shi ya raba shi biyu.

A irin waɗannan filaye na bakin rafi da gefen gada masu renon furanni suka kafa sana'arsu, a Garki da Wuse da Jabi da Gwarinpa da sauran unguwanni, domin mai reno ba ya nisa da ruwa. Masu sayen kayansu kuwa su ne masu sababbin gidaje da otal-otal da ofisoshi, waɗanda ke son a ga kore a harabarsu duk shekara.

To, ga inda matsala take. Abuja na samun ruwan sama tsakanin milimita 1,100 da 1,600 a shekara, watau kusan ninkin abin da Sakkwato ke samu, kuma kusan duka a tsakanin Afrilu da Oktoba yake sauka. Gidan da aka gina a gangare ko a kwari ba ya rasa wani lungu da ruwa ke kwanciya a watan Agusta da Satumba. Ko a gidan tudu akwai bayan banɗaki, da gindin famfo, da ƙarƙashin tankin ruwa, da inda indararo ke zuba. Yawancin furannin da ake sayarwa ba su jure wa irin wannan wuri. Saiwar tsiro tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa, in ruwa ya cika ƙofofin ƙasa ya kori iska sai saiwa ta ruɓe, ganye ya yi ɗorawa, tsiron ya mutu. Sai maigida ya sake saye, ya sake hasara, daga nan ya ɗora wa mai lambu laifi, wani ma har ya rasa aikinsa.

Ciyawar laima ba ta da wannan damuwa. A cikin karanta da saiwarta akwai 'yan ƙofofi kamar na soso, waɗanda ke kai iska daga sama zuwa ƙasa, shi ya sa take rayuwa ko da gindinta na cikin ruwa tsamo-tsamo. Lungun da ya gagari sauran furanni, shi ne dausayinta.

YADDA AKE DASA TA

Lokacin da ya fi kyau shi ne farkon damina, watau ƙarshen Afrilu zuwa Mayu a Abuja, don ta kama ƙasa sosai kafin rani. A zaɓi wurin da ke samun hantsi amma yana da inuwa da rana tsaka. Tana ɗaukar rana sosai in ruwa ya wadata, sai dai ganyenta ya fi duhu da sheƙi a 'yar inuwa. Inuwa mai yawa kuma takan sa karan ya yi siriri ya riƙa kwanciya.

A haƙa rami mai zurfin ƙafa ɗaya da faɗin ƙafa ɗaya. Jar ƙasar tudun Abuja mai tsakuwa ba ta riƙe ruwa kamar baƙar ƙasar kwari, saboda haka a gauraya ta da ruɓaɓɓen takin dabbobi ko na shara. Kada a sa ɗanyen kashin kaji, yana ƙona saiwa. Sa'an nan a yage leda a hankali, a sa tsiron a rami daidai zurfin da yake a ledar, a mayar da ƙasa a danna, a ba shi ruwa har ya ƙoshi. In za a jera da yawa, a bar ƙafa 2 zuwa 3 tsakani, domin gindinta na faɗaɗa kowace shekara.

Wanda ba shi da fili, ko kuwa an daɓe gidan da siminti, sai ya sa ta a tukunya mai huda a ƙasa, ya ɗora tukunyar a cikin kasko ko tasa mai ruwa kamar inci ɗaya ko biyu. Ta haka ƙasar za ta riƙa tsotsar ruwa da kanta. Ruwan alwala da na ɗauraye kwanuka ya ishe ta, shi ya sa ta dace da bakin rariyar masallaci, inda kullum ake fama da caɓi. Amma ruwan da aka zuba wa maganin wanke tufa mai ƙarfi, ko baƙin mai, ko gishiri, a nisanta shi da ita.

IRI BA YA TSADA

Abin da ya sa wannan ciyawa ta dace da mai ƙaramin jari shi ne, in mutum ya sami gindi ɗaya ya gama sayen iri. Hanya biyu ce. Ta farko ita ce rabon gindi. A tone tsohon gindi da shebur, a datsa shi gida uku ko huɗu da adda mai kaifi, a tabbata kowane yanki na da saiwa da kara kamar biyar, a dasa nan take kafin saiwar ta sha iska. Yin haka duk bayan shekara biyu ko uku yana ma ƙara wa uwar lafiya, domin tsakiyar tsohon gindi yakan mutu in ya cushe.

Hanya ta biyu ita ce mai ban mamaki. A yanko kan laima ɗaya wanda ya ƙosa, da ɗan kara kamar inci 4, a rage tsawon ganyayen da almakashi zuwa rabi, sa'an nan a kifa shi cikin kwanon ruwa, kai a ƙasa, kara a sama. Cikin mako biyu zuwa uku sai a ga fararen saiwoyi da sabon toho suna fitowa daga tsakanin ganyayen. In sun ɗan yi ƙwari sai a mayar da shi leda mai jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ba wani siddabaru a ciki. Haka take yi a bakin rafi: kara ya tsufa ya sunkuya, kai ya taɓa ruwa, sabon gindi ya tashi a wurin. Gindi ɗaya mai kara ashirin, watau, iri ashirin ke nan.

HUNTURU DA BAZARA

Damina ba ta ba mai wannan ciyawa wahala, rani ne gwajinsa. Daga Nuwamba ruwa ke ɗaukewa a Abuja, iskar hunturu ta busar da ƙasa, sa'an nan zafin Fabrairu da Maris ya biyo baya. Alamar farko ta ƙishi ita ce bakin ganye ya bushe ya yi ja. In an ga haka a ƙara ban ruwa safe da yamma, a lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa don danshi ya daɗe, a riƙa watsa wa ganyen ruwa don wanke ƙura. Karan da ya tsufa ya yi ɗorawa a yanke shi daga ƙasa, ba daga tsakiya ba, domin karan da aka sare kansa ba ya sake yin laima. Ko da an yi sakaci ta bushe gaba ɗaya, kada a yi saurin tone ta. A sassabe ta, a ci gaba da ban ruwa, sau da yawa saiwar na da rai.

A YI HATTARA

Kama da wane ba ta wane, in ji Hausawa, amma kuma hali zanen dutse. Ciyawar laima ba ta yin 'ya'yan ƙasa irin na aya-aya da ke sa a kasa raba ta da gona, duk da haka tana yaɗuwa ta saiwa da ta ƙwayar iri. A Ostareliya da tsibiran Hawai ta tsere daga lambuna ta mamaye bakin rafuka. Saboda haka kada a zubar da ragowarta a lambatu ko rafi. A shanya ta bushe tukuna. Wanda ke tsoron ta cinye masa wuri, sai ya binne ta da tukunyarta, ko da rabin duro. Kada kuma a dasa ta jikin bango ko kan bututun ruwa, kuma a riƙa rage cunkoson gindin, don duhuwa mai sanyi maɓoyar maciji ce.

Na biyu shi ne sauro. Ƙwan sauro na iya zama sauro cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 a ruwan da ke tsaye. Ruwan kaskon da ke ƙarƙashin tukunya, da na kwanon da ake renon iri, lalle ne a zubar a sake sabo sau biyu a mako. A fili kuwa, abin da ake so ƙasa mai danshi ce, ba kududdufi ba. Ado bai kai zazzaɓi ba.

Na uku, kada wani ya ruɗi maigida cewa wannan ciyawa za ta shanye masa ambaliya. Gaskiya ne tana jan ruwa da yawa, kuma tun shekarun 1950 wata masaniya a Jamus, Käthe Seidel, ta nuna cewa tsirran wannan dangi na taimakawa wajen tace ƙazamin ruwa, har yanzu ma ana amfani da ciyawar laima a irin wannan aiki a ƙasashe da dama. Amma ba ta maye gurbin magudana. Abuja ta ga sakamakon gini a kan hanyar ruwa. Malam Nasiru el-Rufa'i ya rushe gine-gine da yawa da suka saɓa wa taswira lokacin da yake Ministan Birnin Tarayya, daga 2003 zuwa 2007, duk da haka ambaliya ta sha yin ɓarna a Lokogoma da Lugbe, ciki har da wadda ta cinye gidaje a Lugbe a watan Yunin 2023. Ciyawa na gyara lungu mai caɓi ne, ba ta mayar da rafi tudu.

Akwai kuma wata hasara da ya kamata mai lambu ya hana maigidansa yi. Wasu sukan ga hoton wasu gajerun ciyayi masu ratsin fari ko ruwan ɗorawa a littattafan lambu na Turai, su ce su ake so. Waɗannan dangin Carex ne, ƙannen ciyawar laima, kuma fitattun cikinsu daga Japan da New Zealand aka samo su. Su ma suna son ƙasa mai danshi, ba su kuma kaɗe ganye, amma na ƙasashen sanyi ne, zafin Maris na Abuja ba nasu ba ne. Gara na gida da aka san halinsa.

GA 'YAN UWA MAZAUNA KURMI

Abin da mai reno a Abuja ke wahalar nema wata biyar a shekara, watau ruwa, shi ne ya yi wa Kudu yawa. Fatakwal na samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, rani kuma gajere ne. Yawancin Ikko a kan fadama da bakin tafki aka gina ta, ana haƙa kaɗan sai ruwa. Tun zamanin Gwamna Babatunde Fashola, 2007 zuwa 2015, da aka ƙawata tituna da shataletale aka kuma kafa hukumar lambuna ta LASPARK, sha'awar shuke-shuken ado ta ƙaru a birnin. Abin kiyayewa kawai shi ne ruwan gishiri a unguwannin da ke dab da teku.

Maigadin da ke zaune a Agege ko Idi-Araba, ko mazaunin Sabo a Badun ko Shagamu, ba ya bukatar wani babban jari kafin ya gwada. Gindi ɗaya, da ledojin ruwan sha da ake zubarwa, da 'yar baƙar ƙasa, da wani lungu a bayan ɗakin gadi, sun isa farawa. Sai dai ya nemi izinin maigida tukuna, in kuma zai baje kaya a bakin titi ya nemi na hukuma, domin a Abuja da Ikko duka akan kwashe kayan wanda ya zauna ba izini, wahalar wata shida ta tafi a wuni ɗaya. Kada kuma ya dogara da ita kaɗai. Mai saye yakan so ya ga iri-iri, ita dai tana cike gurbin da sauran suka kasa ne.

Ko da mutum bai sayar da ko ɗaya ba, mai lambun da ya iya duban lungun da ya gagari kowa ya ce wa maigida ga abin da zai yi a nan, ya kuma yi, ya ƙara wa kansa daraja a gidan. Iyaye da kakanni sun san wace ƙasa ce ta rake, wace ce ta shinkafa, wace ce ta aya, ba tare da sun shiga aji ba. Ilmin nan bai tsufa ba, kasuwarsa ce ta sauya wuri. Allah ya sa albarka a nema.